Kafin Ki Taɓa Matar Cikin Rairayi

Unguwar Ɗan Iya, Bauchi.

Zuwa ga autata Rukayya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki, ina gaida maigidanki, da fatan kun wayi gari lafiya. Allah ya tsare ku da tsarewarsa, ya raba ku da sharrin hanya da sharrin mutum da sharrin abin da ido ba ya gani.

Babanki ne zai kawo miki wannan takarda har Inkil. Na zaɓi in rubuta ne saboda a waya kina katse ni, in ba ki katse ni ba kuma kuka ya katse ni. Na san jirana kike yi. Maigidanki ya yarda, babanki ya yarda tun kafin ki rufe baki, ke kuma kin kafe a kan ba za ki sa ƙafa a motar Agadas ba sai kin ji "na yarda" daga bakina. Kin ce in na ce a'a, za ki mayar wa mutanen jami'a takardarsu su ba wani gurbin. Ranar tafiya ta matso, ni kuma na yi gum. Ba fushi nake yi da ke ba. Abin da na gani ne ya ɗaure min harshe, har yau kuma jikina bai gama dawowa daidai ba.

Kin tuna ranar. Ina tankaɗe a tsakar gida kika shigo da murnarki, kika ce, "Inna, zo ki ga wurin da za mu yi aiki." Na karkaɗe hannu na karɓi wayar, a zatona gini zan gani ko wani tsohon masallaci. Sai ga mutum kwance a kan rairayi, ƙashi zalla, ya juya gefe ɗaya, gwiwoyi a naɗe, da awarwaro a hannu. Haƙora duk a waje, babu ko ƙyalle a kansa. Na ce, "Innalillahi! Wane ne wannan?" Kika ce, "Mace ce, Inna. Ta yi shekaru dubbai a nan." Na ce ta yaya kika san mace ce? Kika sa yatsa kika buɗa hoton, kika ce, "Ga ƙashin ƙugunta nan."

Rukayya, ƙugunta! Ni da na tsufa ina wankan gawar mata a unguwar nan, ban taɓa bari idona ya tsaya a ƙugun mamaciya ba, ta ƙarƙashin zane nake aikina. Sai ga 'yar da na haifa tana buɗa min na wata da yatsa, kamar mai nuna sabon leshi. Rariyar ta faɗi, garin ya zube, na shige ɗaki na turo ƙofa. Kin biyo ni kina ta bayani ta bayan ƙofar, ni kuwa kunnena ya toshe.

Duk shekarun nan da kike karatun kayan tarihi, na ɗauka fasassun tukwane kuke tarawa, da zanen duwatsu irin na Geji da kika taɓa kai ni gani. Ke da kike tsallen hawa gado in kin ga kyankyaso, ina zan kawo a raina cewa kaburbura za ki je? Na zauna ina tambayar kaina a ina na yi sake da tarbiyyarki. Da na natsu sai na ga ba ni da bakin yi miki tsawa, don ni ma na shiga ƙasar nan da ƙafata, kuma ban shige ta da hankali ba. Bari in ba ki abin da na kwaso daga can, ki ji shi tun kafin ki isa.

Kin san mun zauna a Agadas farkon aurenmu, lokacin babanki yana gyaran gingimari a wani gareji. Ina yarinya ɗanya, ga rawar kai. Maƙwabciyarmu wata dattijuwar Buzuwa ce, Fatimata, ita ta riƙe ni kamar 'yarta. Da aka tashi bikin jikarta a ƙauyensu can cikin duwatsun Azbin, ta roƙi babanki ya bar ni in bi su. Muka hau bayan mota mu mata da tukwanenmu da buhunan gero.

Ni a lokacin na ɗauka hamada wuri ne da Allah ya bari babu kowa tun ranar da ya halicce shi. Ba gona, ba gida, ba hayaƙi, sai baƙaƙen duwatsu da rairayi iyakar ganinki. Da la'asar muka tsaya a dafa abinci. Ni mai son a yaba min, na riga kowa sauka neman duwatsun murhu. Can gefe na hango tulin duwatsu an jera su zagaye, masu kyau, duk kusan girmansu ɗaya. Na ce kai, wani ya hutar da ni. Na ɗauko biyu na kawo, na koma na rungumo na uku, sai na ji ihu a bayana. Fatimata ce, tsohuwar da take tafiya da ƙyar, ta taho da gudu mayafinta na jan ƙasa.

"Aje! Ke ɗiyar Hausa, aje shi inda kin ɗauka! Mutum na kwance nan!"

Na saki dutsen, saura kaɗan ya fasa min yatsa. Na ce wane mutum, a nan da ko tsuntsu babu? Ta kama hannuna ta juya ni, ta nuna min gangaren dutsen. Sai a lokacin idona ya buɗe. Tulin ba ɗaya ba ne. Ga wani, ga wani, ga wasu can har inda ido ya ƙare. Ashe a tsakiyar maƙabarta na tsaya ina zaɓen murhu. Na tambaye ta ko danginsu ne. Ta ce, "Ba mu san su ba. Kakannin kakanninmu haka sun tarad da su. Amma ba mu ɗaukar dutsensu." Ta sa na mayar da kowane dutse gurbinsa da hannuna, tana tsaye a kaina. Ranar ban iya cin tuwon ba.

To ki ji. In kin sauka a wurin nan, kada ki ce fili ne. Ki yi sallama, ko a zuci ne. Kada ki ɗaga dutse, kada ki zauna a kan tuli, kada ki zubar da ruwan wanke-wanke sai kin tambayi mutanen wurin. Takardar izinin da kuka samo daga ofis ba ta san inda kowa yake kwance ba. Ki nemi tsofaffin matan wurin ki gaishe su da kyau tun ranar farko, ki zauna ki sha shayinsu ko ya yi miki ɗaci.

Kuskurena na biyu a tafiyar nan ya kusa cin raina. Kusa da ƙauyen akwai wata busasshiyar ƙorama, faffaɗa, rairayinta fari tas mai laushi, ga inuwar bagaruwa a bakinta. Bayan biki na kwashi kayan wankina da 'yar tabarmata na je na baje a tsakiyarta. Matan sun ce min kada in zauna a ciki, wai an yi ruwa a kan duwatsu. Na ɗaga kai na ga sama tas, rana tana dukan ƙeya, ko gajimare ɗaya babu. Na yi dariya a raina na ce Buzaye ba su san ruwa ba, ni da na fito daga Bauchi inda ake kwana ana tafka shi za su koya wa?

Ina cikin shanya na ji wani ruri daga nesa, na ɗauka gingimari ce. Sai na ga awaki suna haurawa gaɓa da gudu. Na waiwaya. Ruwa ne, Rukayya, ja wur, ya taho da itatuwa da duwatsu a gabansa, tsayinsa ya kai ƙirjina. Ban san lokacin da na kama saiwar bagaruwar nan na haye ba. Kafin in juyo, tabarma da bokiti da zannuwan aurena duk sun tafi. Na tsaya da zane ɗaya a jikina, ina kallon kogi a inda na shimfiɗa tabarma ɗazu. Kafin magariba kuma ya janye, sai laka. Matan ba su yi min dariya ba, wannan ya fi dariyar ciwo. Ɗaya ta cire mayafinta ta ba ni, muka koma gida.

Don haka in ɗan ƙasa ya ce miki tashi, ki tashi, ki tambayi dalili daga baya. In ya ce yau ba a tafiya, ki sauke jakarki. Na san ki da gardama, daga wurina kika ɗauko ta, ba sai an gaya min ba. Ki bar ta a Inkil, za ki tarar da ita in kin dawo. Ki riƙe ruwan shanki a jikinki, kada ki bar shi a mota ki ce yanzu zan dawo. Ki tafi da rigar sanyi mai kauri, don sanyin safiyar can ya fi na Jos shiga ƙashi, ke kuma ga ki da ciwon ƙirji.

Akwai abin da zai ba ki dariya. A hanyarmu ta dawowa mun tsaya a wani fili, na ga ƙayar kifi birjik a cikin rairayi, manya-manya. Na ce wa Fatimata direbobin nan ba su da tsafta, su ci bushasshen kifinsu su watsar a hanya. Ta dube ni kawai ta girgiza kai. A jikin wani dutse kuma na ga an sassaƙa raƙumin dawa, dogo, har da zanen jikinsa, da shanu masu manyan ƙaho. Na tofa addu'a na ja da baya, na ce aikin aljanu ne, don wane mahaluki zai zana saniya a inda ba ciyawa? Shekara da shekaru ina riƙe da wannan a kaina. Sai kwanan nan babanki yake ba ni labarin abin da kika gaya masa, wai wurin nan da can tafki ne, da kifi da kada da dorina, mutane suna kamun kifi suna kiwo a bakinsa. Na ce masa ya daina yi min wasa. Ya rantse. Na rasa inda zan sa kaina. Tafki guda ya ƙafe, gari guda ya shafe, ba wanda ya san ko sunansu, ni kuma na tsaya a kan abincinsu ina zagin direbobi. Tun ranar in na leƙa rijiyar gidan nan sai gabana ya faɗi.

Kuskurena na uku shi ne mai nauyin, kuma ba a hamada na yi shi ba, a nan Ɗan Iya ne. Bayan mun dawo gida Gwaggo Hadiza, yayar babana, ta fara shiga da ni wankan gawa. Ita ta koya min dama kafin hagu, da yadda ake dama ganyen magarya, da yadda ake naɗe hannu da ƙyalle, da yadda mutum biyu ke riƙe zane a sama ta ukun tana wanke gawar a ƙasa ba tare da ta kalla ba. Wata rana muka wanke wata baiwar Allah mai mutunci a unguwa. Zanen ya ɗan zame, na ga wani abu a jikinta da ta ɓoye duk rayuwarta. Ba zan gaya miki ko mene ne ba, faɗa ɗaya da na yi ya ishe ni har kabarina. Ƙawata ɗaya tak na gaya wa a bakin famfo, na ce kada ta gaya wa kowa. Kafin sadakar uku zancen ya zaga unguwa.

'Yar matar ta zo har gidan nan. Ba ta yi zagi ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta tsaya a bakin ƙofar ɗakina ta ce, "Mu da ta haifa ba mu taɓa gani ba. Mun ba ki ita ne don ba ta iya riƙe zanenta da kanta." Ta juya ta tafi. Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige. Gwaggo ta daina kirana wanka, sai da na haifi yayyenki biyu kafin ta sake aiko min. Ranar da ta mayar da ni, abu ɗaya ta ce: "In idonki ya gani, bakinki bai gani ba."

Kin ga dalilin da hoton nan ya buge ni. Matar nan ba ta iya riƙe zanenta, zanen ma ya zama ƙasa tuntuni, ga ta kuma tana yawo a waya daga hannu zuwa hannu. Na san aikinku na aunawa ne da rubutawa, ba zan ce ki rufe baki kamar ni ba, don in kin rufe ba ki yi aikin ba. Amma ki bambanta abin da za ki rubuta don ilimi da abin da za ki baje don hira. Kada ki tsaya kusa da ita ki yi murmushi a ɗauke ku hoto. Kada ki bari a laƙaba mata sunan wasa. Kada ki sake miƙa wa wani ita a tsakar gida yana tankaɗe, ko da ni ce.

Har shekaranjiya, in gaya miki gaskiya, a'a na shirya ce miki. Na ma tsara yadda zan faɗe ta. Sai Maman Rahila, maƙwabciyarmu 'yar Dass mai aikin jinya, ta shigo da hantsi ko kayan aiki ba ta cire ba. Ta ce, "Mama, akwai wani mata a wurinmu, ya faɗi a tasha aka kawo shi, ya rasu. An yi cigiya an gaji, ba wanda ya zo. Mun ga carbi a jakanta. Ki taimaka." Na ɗauki ƙwaryata da magaryata na bi ta, na biya na ɗauki mata biyu da muke aikin tare.

Ba mu san sunanta ba. Ba mu san garinsu ba, ko tana da 'ya'ya suna can suna jiran ta dawo. Mun rufe ƙofa, mun ɗaga zane, mun yi mata duk abin da za mu yi wa matar mai unguwa, ba mu rage komai ba. Maman Rahila ta tsaya a waje tana gadin ƙofar kada wani namiji ya turo. Da muka gama na ɗaure mata likkafani na ce, Allah ya sa can ta fi miki nan, baiwar Allah.

A cikin keke muna dawowa maganarki ta faɗo min, wadda kika yi ta bayan ƙofa na ƙi saurara. Ashe kunnena ya ɗauka ya ajiye. Kin ce, "Inna, ba mu muka tone ta ba, iska ce ta kwashe rairayin. Motocin masu neman zinare suna bi ta kan kaburburan suna murƙushewa. Wasu su cire awarwaron su sayar. Kuma masu tafiyar nan duk maza ne, ni kaɗai ce mace." Na ji kamar an watsa min ruwan sanyi. Yanzun nan na baro gawar da ba ta da kowa, ban tsaya tambayar ko 'yar wace ce ba, na tafi saboda mace ce kuma tana bukatar mata. Ga wata can da ta fi ta rashin kowa, duk danginta da masu jin yarenta sun ƙare a duniya, tana kwance a buɗe motoci na bi ta gefenta. Mace ɗaya ce tak ta tashi za ta je wurinta, ni kuma na tare ƙofa. Mai keke sai da ya juyo ya ce, "Hajiya, lafiya?" don salatin da na saki.

Ban san addinin mutanen nan ba, sun riga duk abin da muka sani. Ban ce ki yi mata wanka ko salla ba, wannan ba hurumina ba ne, ba kuma naki ba. Amma 'yar Adam ce, wata ta yi naƙudarta, wani kuma ya kwantar da ita a hankali ya bar mata awarwaronta saboda yana son ta. Ga abin da nake nema a wurinki. In kun iske mace, ke za ki fara zuwa kanta, ki gaya wa shugabanku haka tun a mota, da ladabi amma ba da wasa ba. Ki yi bisimilla kafin ki taɓa. Inda kike aiki ki buɗe, inda ba kya aiki ki rufe. In za ku tashi cin abinci kada ku bar ta a rana. In dole sai an ɗauke ta daga wurin don kada a tattake ta, a ɗauke ta a lulluɓe, kuma abin hannunta ya bi ta duk inda za ta. In an matsa miki ki yi abin da zuciyarki ta ƙi, ki ajiye musu kayan aikinsu ki dawo, ɗakinki yana nan.

Jiya na shiga kasuwar Wunti na yanko alawayyo fari, mai yawa, don ban san ko su nawa za ki tarar ba. Yana cikin jakar da babanki zai ba ki tare da takardar nan. Ban ɗinka ba, ki riƙa yaga daidai bukata. Mai shagon ya san ni da wannan sayayya, yana aunawa ya ce, "Allah ya ji ƙai, Hajiya. Wa aka rasa kuma?" Na ce masa wata baiwar Allah ce a arewa, ta daɗe da rasuwa, yanzu labarin ya iso mu.

Na yarda, Rukayya. Ki tafi.

Allah ya kai ku lafiya, ya kauda mugun ji da mugun gani daga hanyarku, ya shayar da ku in kun ji ƙishi, ya nuna muku hanya in ta ɓace. Allah ya yi miki albarka, ya dawo min da ke da ƙafafunki. Yadda za ki suturta 'yar wani, Allah ya ba ki mai suturta ki ranar da ba ki iya riƙe naki zanen. Amin.

Wassalamu alaikum.

Mahaifiyarki,
Inna